Kurakuran da ke kashe fulawar haidiranjiya a gidajen Kano

Jama'a wannan fulawar da ake ta gani a hotuna mai fure dunƙule-dunƙule, wani shuɗi wani ruwan hoda, sunanta haidiranjiya, kuma yanzu ta fara shiga gidajen mutane a Kano musamman wajen mata masu son gyaran tsakar gida. Abin da ke ci min rai shi ne da wuya ta yi wata biyu, sai ka ji ana cewa ai ta mutu, ko mai fulawar ya cuci mutum, ko ba ta karɓi gidan ba. Irin da aka fi sayarwa mai faffaɗan ganyen nan asalinsa daga Japan ne, ƙasar danshi da yawan ruwan sama, to ka ga kuwa in an kawo ta garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 dole sai da dabara.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wurin ajiya. Mutum zai sayo ta da tsada, yana so duk wanda ya shigo ya gani, sai ya dire ta a tsakiyar gida kan intalok ko jikin katangar da rana ke duka tun azahar har la'asar, yana ganin ai duk fulawa rana take so. Wannan ba haka take ba wallahi. Ganyenta manya ne kuma ruwa na fita ta jikinsu da sauri, in ranar Kano ta same su sai gefen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras in ka taɓa. Hantsin safe kawai take buƙata, zuwa ƙarfe tara ko goma, daga nan sai inuwa. Ka nema mata ɓangaren gabas na gidan, ko baranda, ko ƙarƙashin darbejiya inda haske ke ratsowa kaɗan-kaɗan, kuma ka matsar da ita daga jikin siminti don siminti na riƙe zafi har bayan isha'i. Shi ya sa ni a Kano na fi son a bar ta a tukunya maimakon a binne ta a ƙasa, in bazara ta matso sai a ja ta inuwa sosai.

Tukunyar ma akwai magana. Baƙar robar da ake sayo ta a ciki in rana ta taɓa ta dafa saiwar take yi, gara ka samu babbar tukunyar ƙasa ka huda gindinta da kyau, ita tana sanyaya ƙasar ciki. Kuma dan Allah a daina cika ta da jar ƙasar gini ko yashi zalla. A haɗa ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki da ɗan buntun shinkafa, sannan a rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye don kar danshin ya gudu.

Sai ruwa, nan kam mutane sun kasu biyu kuma duk suna kashe ta. Akwai masu mantawa da ita kwana uku lokacin zafi, su dai tasu a fili take. Waɗanda suka fi ban tausayi su ne masu ƙaunar da ta yi yawa, Hajiya za ta fito da rana ta ga ganyen ya langaɓe sai hankalinta ya tashi ta juye bokiti guda, anjima ta sake leƙowa ta ƙara, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf, ita fulawar zafi ne kawai ya sa ta saki jiki kuma da yamma ta yi za ta miƙe abinta. A haka saiwar ke ruɓewa, kuma in saiwa ta ruɓe ganyen ƙara langaɓewa yake sai a ƙara ruwa, shikenan an gama da ita. Kafin ka zuba ka tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa biyu, in ka ji danshi ka ƙyale ta, in ya bushe ka ba ta sosai har sai ya fito ta ƙasan tukunya. Da sassafe ya fi, kuma a gindi ake zubawa, yawan jiƙa ganye da daddare shi ke kawo farin kumfan nan kamar an barbaɗa gari da kuma ɗige-ɗigen baƙi. A watan Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa a ɗora tukunyar kan bulo, kar a bar ta zaune cikin kwatami.

Da hunturu kuma iska ce ke busar da ita ga ƙura, lokacin ne wasu mitsi-mitsin ƙwari ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotsewa, za ka ga ganyen ya yi fari-fari da ɗan siririn yana. Ka riƙa wanke bayan ganyen da safe lokaci-lokaci, ka kuma kare ta daga inda iska ke kaɗowa.

Yanzu maganar kala, wadda ita ce ke sa mutane faɗa da masu sayarwa. An sayo shuɗiya, da ta sake fure sai ga ruwan hoda. Ba canza maka aka yi ba, ƙasa ce ke yin wannan. In ƙasar na da tsami, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH ya yi ƙasa da 5.5, saiwar na iya ɗaukar sinadarin alminiyam sai furen ya fito shuɗi, in ya haura 6.5 sai ruwan hoda, tsakaninsu kuma wani shunayya-shunayya. Fara dai fara ce, ko me ka zuba ba za ta canza ba, kar ka wahalar da kanka. To mu nan muna da ɗabi'ar zuba toka a gindin shuka, ita kuwa toka kashe tsamin ƙasa take yi, haka ma ɓurɓushin siminti, haka ruwan burtsatse ko na rijiyar da ke barin farin tabo a jikin buta. In abin ya yi yawa ba kala kaɗai ke tafiya ba, sabon ganye zai fito rawaya jijiyoyinsa kore, alamar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe kenan. Maganin farko mai sauƙi ne, a tari ruwan sama daga indararo a ajiye mata a durom. Mai son shuɗi kuma zai iya narka alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, babban cokali ɗaya a lita 4, amma sai an fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla, kar ya taɓa ganye, kar a yi wa ƙaramar shuka, kuma kar a riƙa yi kullum don yana ƙona saiwa. Abin na ɗaukar watanni, furen da ya riga ya buɗe ba zai juye gobe ba.

Masu cewa tawa ganye kawai take ba fure, yawanci abu biyu ne. Ko dai an cika mata yuriya, ita kuwa yuriya ganye take sa wa, ko ɗanyen kashin kaji wanda har ƙonawa yake. Ko kuma almakashi. Wannan irin a jikin tsohon reshe yake ajiye tohon furen gaba, in ka zo ka aske ta kwal don ta yi daidai to furen baɗi ka zubar a bola. Da furen ya bushe ka yanke shi kaɗai, daidai saman tagwayen toho na farko masu ƙiba, sai matattun rassa, ka tsaya nan.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, tana son ta samu lokacin sanyi ta huta kafin ta yi fure sosai, shi ya sa ta fi sakewa a wuri irin Jos. A Kano ko ka yi komai daidai wata shekarar furen kaɗan za ka gani, wannan ba sakacinka ba ne. Wanda ba shi da inuwa a gidansa ko ruwa na masa wahala sai 'yan garuwa, ni shawarata ya nemi wata fulawa mai suna ikzora, ita ma furenta dunƙule yake kuma ta fi jure zafinmu nesa ba kusa ba.

Kuma a kula da dabbobi da yara, ganyenta da tohonta na da guba in an ci. Gidan da ake kiwon awaki ko aka ɗaure ragon layya a tsakar gida, a ɗaga tukunyar ko a kewaye ta da waya, haka in akwai yaro mai rarrafe da ke kai komai baki.