Lifidin Bango: Yadda Nake Haɗa Ƙyallayen Rini Su Zama Hoto

Duk wadda ta taɓa tsayawa kallon hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta ga 'yan lifidi. Doki da mahayinsa sanye da tufa mai kauri, yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakani, an bi da ɗinki an danne. Kariya ce daga kibiya da takobi a zamanin yaƙi. Aikin da zan koya miki yau, gininsa ke nan: fuska, ciki da baya. Abin da ya bambanta shi kawai, nawa a bango nake ratayewa, kuma fuskarsa hoto ce da nake haɗawa da ƙyallayen da aka rina da hannu. A Amurka suna kiransa kwilt. Matan baƙar fata na wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, sun yi suna da shi. Da tsofaffin wandunan aikin gona suke haɗa nasu, har aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston a 2002. Ni dai lifidin bango nake ce masa, kuma abokan cinikina sun saba da sunan.

Daga yadi ake farawa, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke yin asara. Rinin gargajiya auduga yake kamawa, ba ya kama roba. Idan kin shiga Kantin Kwari, kada ki tsaya ga abin da aka rubuta a jikin bandir. Ki nemi a yanko miki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ki kyasta masa ashana. Auduga zalla tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta kuma tana murjewa a yatsa. Wanda aka gauraya da roba sai ya narke ya dunƙule ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Ni akoko na fi saya, sai farar shadda ta auduga idan ina son wani yanki ya yi sheƙi. Yadi uku na akoko sun ishe ki aikin farko mai faɗin inci 24 da tsawon inci 36, har da bayansa.

Da kin dawo gida ki dafa shi. Sabon yadi cike yake da sitaci da maiƙon masaƙa, su ne ke hana rini shiga daidai. Ruwa mai yawa, sabulu da ɗan dunƙulen kanwa, ki bar shi ya tafasa kamar awa ɗaya. Za ki ga ruwan ya koma kamar shayi. Ki ɗauraye, ki shanya. Akoko yana tsukewa sosai a wankin farko, gara ya tsuke yanzu da ya tsuke bayan kin gama ɗinki ya tattare miki aiki. Tun ran gini ran zane.

Sai rini. Mu da muke Kano Allah ya hutar da mu, ga marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, kuma har yau akwai ramukan da ke aiki da baba, wato ganyen da ke ba da launin shuɗi, da toka da kanwa. Abin da ya kamata ki fahimta game da baba shi ne ba ƙarfin ruwan ne kaɗai ke kawo duhu ba, yawan tsomawa ne. Yadi yana fitowa daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonki. A mayar, a fitar, a sha iska, launi na hawa kan launi. Don haka nake yanka yadina gida shida kafin in je. Na farko a tsoma sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau huɗu, a yi ta ƙarawa har na shida ya yi duhun da ake kira baƙi. Waɗannan matakai shida su ne dukiyar aikin. Da su kaɗai za ki iya zana asuba, da inuwa, da ruwa, da dare. Ki yi wa marini bayani tun kafin ku yi ciniki, domin ya saba da mai son launi ɗaya ya kama ko'ina daidai. Dattijon da nake kai wa aiki, ranar farko sai da ya tambaye ni sau biyu ko da gaske nake so a bar na farkon da haskensa haka, don a wurinsa wannan rini ne da bai kammala ba. Ki tuna kuma jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba, kada ki yanke hukunci sai ya bushe.

Kada ki ji haushin dabbare-dabbare. Inda yadi ya naɗe rini bai shiga sosai ba, inda iska ta fara bugawa, inda hannun marini ya riƙe, waɗannan su nake nema. Yadin kamfani launinsa a shafe yake, ko'ina ɗaya, ba shi da abin da zai gaya wa ido. Wani ƙyalle da ya fito da hasken da bai daidaita ba, shi ne ya zama sararin samaniya a aikin da na fi so cikin duk waɗanda na yi, kuma da gangan ba zan iya sake yin irinsa ba. Idan kina son zane a ciki, ki ɗaure tsakuwa ko ƙwayar wake da zare mai ƙarfi kafin a tsoma, za ki samu ƙananan zobba farare. Ko ki bi layi da allura ki ja zaren ya tattare tam, bayan rini ki warware, zai ba ki layi kamar sawun tururuwa. Wannan ɗaurin da ma aikin mata ne a cikin gidajen birni, su suke ɗaurewa a kai wa marina.

Wadda ba ta kusa da marina za ta iya yi a gida da garin shuni na kasuwa, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna da farin sinadarin da ke narkar da shi. Yana aiki, amma sai da kiyayewa. A tsakar gida za ki yi, inda iska ke kaɗawa, da safar hannu mai kauri, yara kuma su yi nisa. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta. Ki yi amfani da bokitin roba, domin soda tana cin tukunyar alminiyom. Duk abin da ya taɓa wannan haɗi ya bar kicin ke nan har abada.

Shuɗi shi kaɗai yana iya ɗaukar aiki, amma ɗan launi mai ɗumi yana tayar da shi. Bagaruwar da majema ke jima da ita, idan kin daka kin jiƙa ta kwana kin tafasa yadi a ciki, tana ba da ruwan ƙasa mai taushi. Ki ɗauki wannan yadin ki tsoma a ruwan da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suka yi sati biyu a ciki, nan take zai koma ruwan toka, in kin maimaita ya doshi baƙi. Kada ki bar shi ya daɗe, ƙarfe yana cin zare. Ganyen marke da ɓawon albasa suna ba da rawaya, amma auduga ba ta riƙe su sai an shirya ta: a fara da ruwan bagaruwa mara ƙarfi, sannan a jiƙa a ruwan alif, kamar giram 15 ga kowane giram 100 na busasshen yadi. Idan kika rina rawaya a kan shuɗi mai haske, kore ne zai fito. Zoɓo da gangamau kuwa ki rabu da su. Ranar farko suna ɗaukar ido, amma zoɓo yana komawa toka-toka, gangamau kuma rana tana shanye shi. Duk launin da kike shakka, ki rufe rabin ƙyallen da kwali ki ajiye a taga sati biyu, ki buɗe ki gwada ɓangarorin.

Maganar ɗauraya zan ja ta, domin ta taɓa sa ni kuka. Aikina na farko mai girma, wata biyu na yi ina ɗinkinsa. Akwai farin wata a tsakiya. Damina ta shigo, bango ya yi sanyi, na wayi gari na tarar shuɗi ya malalo cikin farin. Ban ɗauraye ƙyallayen yadda ya kamata ba, baban da bai kama zare ba yana nan kwance a kai. Tun daga ranar, kowane ƙyalle sai na ɗauraye shi har ruwa ya fita garau, in wanke da sabulu, in sake ɗaurayewa. Bayan ya bushe sai in jiƙa farin tsumma in goga a kai da ƙarfi, in kuma ɗora shi in danna da dutsen guga mai zafi. Idan tsumman ya ɗauki launi, ƙyallen ya koma ruwa. Saboda haka ne ma ba na sa turkuɗin Kura, wato baƙin yadin nan mai sheƙi, a cikin wannan aiki, duk da kyansa: sheƙinsa daga garin shunin da aka buge a kai yake, kuma an yi shi ne ya riƙa zuba.

Yanzu tsara fuska. Ki kafa tsohon bargo a bango, ki riƙa manna ƙyallaye da fil. Kada ki shimfiɗa a ƙasa, ido ba ya ganin gaskiyar hoto daga sama. Ki manna, ki ja da baya taku biyar, ki duba, ki canza. Aikin da ke hannuna yanzu Dutsen Dala ne da sanyin safiyar hunturu: ƙasa mataki na shida da na biyar, dutsen ruwan bagaruwa, sama kuma tana yin haske tana hawa har ta kai ƙyallen tsomi ɗaya, sai siririn rawaya guda, bai kai faɗin yatsa biyu ba, inda rana za ta ɓullo. Sau uku na ƙara rawayan, sau uku na cire. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dabarar da ke taimaka mini ita ce in ɗauki hoto da waya in mayar da shi baƙi da fari. Idan komai ya haɗe ya zama toka ɗaya, to babu isasshen bambanci tsakanin haske da duhu, ko da launukan sun yi kyau ɗaya-ɗaya. Ki bar tsarin ya kwana biyu a bango kafin ki taɓa almakashi.

Haɗawa ba ta da wuya ga wadda ta iya keke. Kwatan inci ake bari a kowace gaɓa, kuma kowace gaɓa sai an goge ta kafin a ɗora ta gaba, a kwantar da bakin zuwa ɓangaren da ya fi duhu don kada ya hango ta cikin mai haske. Ki yanka bisa tsayuwar zare, domin abin da aka yanka a karkace yana miƙewa. Siffa mai lanƙwasa kamar wata ko tulu, ki kalmashe bakinta ki ɗora a sama ki bi da hannu.

Abin da za ki sa a ciki ya danganta da nauyin da kike so. Ni tsohon zanen auduga da ya sha wanki nake ninkawa biyu, kamar yadda matan Bangaladash ke yi da tsofaffin tufafinsu. Yana kwanciya a bango sumul, allura kuma tana ratsa shi ba wahala. Soson katifa yana yin ja ya ruɓe da daɗewa. Audugar rimi da ake cusa wa lifidin doki tana da santsi, tana zamewa ta taru a ƙasa idan aiki na rataye. Ki shimfiɗa baya a kan daɓe mai tsabta, ya fi fuska da inci biyu ta kowane gefe, ki ja shi ya miƙe, ki ɗora ciki, ki ɗora fuska. Sai ki kama su ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, daga tsakiya zuwa gefe, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi.

Ɗinkin dannewa shi ne zane na biyu a kan na farko, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina da son raina. Allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, shi ke nan, babu wani salo mai wuya. Zaren da masu ɗinkin hula ke amfani da shi nake saya, fari ko wanda na tsoma a baba tare da yadin. Inda kika matse layuka, wurin zai kwanta ya yi tauri. Inda kika sassauta, zai taso. A samaniyar Dala na bi da dogayen layuka a kwance masu ɗan kaɗawa, kamar yadda hazo ke tafiya, a jikin dutsen kuma gajeru masu gittawa. Kullum daga tsakiya ake farawa, in ba haka ba yadi zai taru ya yi ƙulli. Kada ki damu sai kowane ɗinki ya yi daidai da ɗan'uwansa, tazararsu dai ta yi kusa da juna. Da rana nake wannan aikin, tsakanin azahar da la'asar, domin baƙin baba yana gajiyar da ido a hasken fitila. In da keke za ki yi, ki ƙara tsawon ɗinki, ki sassauta dannawar ƙafar keken, ki tafi a hankali.

Idan an gama, ki daidaita gefuna da rula, ki yanko tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, ki ninka shi biyu, ki ɗinka ta gaba da keke, ki juya ki kama ta baya da hannu. A can sama ta baya ki ɗinka aljihu mai faɗin inci huɗu daga gefe zuwa gefe, wanda za a zura sanda a rataye. Ki zaɓi bangon da rana ba ta dukansa, ki bar ɗan rata tsakaninsa da bango saboda sanyin damina da gara. Ƙurar hunturu kuwa kakkaɓewa ta isa, ba sai an wanke ba. A kusurwar dama ta baya nake ɗinka ɗan farin ƙyalle mai ɗauke da sunana, da shekara, da inda aka rina yadin, da adadin tsomin kowane mataki, don ranar da zan koma marina in san abin da zan ce a yi mini.