Yadda Na Daidaita Sitiyarin Tsohuwar Peugeot 504

Motata, Peugeot 504 haɗin Kaduna, ta soma cin tayoyin gaba ta gefen ciki, sitiyarin kuma yana karkacewa ko da ina tafiya a miƙe. Da na ɗaga ta da jak na girgiza tayar hagu da hannu biyu, sai na ji motsi a kan tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, domin robarsa ta yage, ƙura ta cinye ƙwallon da ke ciki.

Kafin na kwance tsohon, na ƙirga zagayen zarensa, na ɗaura sabon daidai da wannan adadi. Daga nan na daidaita iskar tayoyi, na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, na ɗaure sitiyari a tsakiya, sannan na auna tazarar da ke tsakanin rim ɗin tayoyin gaba biyu, ta bakinsu na gaba da kuma ta bakinsu na baya. Gaban ya buɗe waje, shi ne sanadin cin tayar. Na riƙa juya sandar kaɗan-kaɗan, ina tura motar gaba bayan kowane juyi domin ƙafafun su zauna, har gaban ya fi bayan matsewa da kimanin milimita 3, na ɗaure notin tamau.