Yadda ake bin diddigin tarihin ƙungiyar Formula One da ta shuɗe, da misalin Tyrrell

Duk wanda ya ƙuduri aniyar gano tarihin wata ƙungiyar tseren motoci da ta taɓa fafatawa a gasar Formula One, sannan ta ɓace, ya kamata tun farko ya san cewa suna kaɗai zai iya ɓatar da shi. A wannan gasa, wadda aka fara a matsayin gasar duniya a 1950, abu uku ne ke haɗuwa a kan mota guda: ƙungiyar da ta shigar da motar tsere, kamfanin da ya ƙera gangar motar, da kuma wanda ya ƙera injinta. A yau ƙungiya ita ce ke ƙera gangar motarta, amma a da ba haka abin yake ba, kuma teburan sakamako da yawa suna bin sunan maƙeri ne, ba sunan mai ƙungiya ba. Ƙungiyar Tyrrell ta Ingila misali ce mai kyau ga mai koyon wannan aiki, domin kusan kowane tarko da ke cikinsa ana samunsa a tarihinta.

Ka fara da raba waɗannan abubuwa uku, shekara bayan shekara, a kan takarda ɗaya. Ken Tyrrell ɗan kasuwar katako ne a gundumar Surrey, kuma a cikin wata rumfa ta katako a ƙauyen Ockham ya riƙa gudanar da ƙungiyarsa. Lokacin da ya shiga Formula One gadan-gadan a 1968, bai ƙera mota ba. Ya ɗauki ganga daga kamfanin Matra na Faransa, ya ɗora mata injin Ford Cosworth DFV, ya ba Jackie Stewart ɗan Sikotilan tuƙi. A wannan shekarar ce Stewart ya lashe tseren Jamus a Nürburgring cikin hazo da ruwan sama, da tazarar kusan minti huɗu, kuma a 1969 ya zama zakaran duniya. Sai dai idan ka duba jerin zakarun maƙera na 1969, sunan Matra za ka gani, ko da yake makanikan Tyrrell ne suka yi hidimar motar tun daga farkon kaka har ƙarshenta. Haka nasarar da Stewart ya samu a Sifen a 1970 take ƙarƙashin sunan March, domin a lokacin motar March Tyrrell ya saya. Saboda haka za ka tarar an rubuta cewa Tyrrell ta ci tsere 23, wanda gaskiya ne idan motocin da ta ƙera da kanta ake nufi, amma idan aka haɗa tara na Matra da ɗaya na March, ƙungiyar ta ci 33. Duk adadin da ka ambata, ka faɗi wanne kake nufi.

Bayan haka sai ka nemi dalilin kowane sauyi, domin a nan ne ainihin tarihin yake. Matra ta so a koma amfani da injinta mai silinda 12, shi kuwa Tyrrell da direbansa sun fi amincewa da na Ford, sai aka rabu. Wannan ne ya tilasta wa Tyrrell zama maƙeri, ba don yana da burin haka tun asali ba. Ya ɗauko injiniya Derek Gardner, wanda ya zana motar farko, Tyrrell 001, a asirce, ta kuma fara tseren gasar duniya a Kanada a ƙarshen kakar 1970. A 1971 ƙungiyar ta ɗauki kambun direbobi da na maƙera a lokaci guda.

Wajibi ne kuma ka karanta alƙaluma da ma'aunin zamaninsu. A wancan lokaci wanda ya zo na ɗaya maki tara yake samu, ba a mai da shi goma ba sai 1991, ba a kai shi 25 ba sai 2010. Tsere 11 aka yi a kakar 1971, alhali a 2024 an yi 24. Kafin 1979, motar da ta fi yin gaba ce kaɗai ke kawo wa maƙeri maki a kowane tsere. Akwai kuma tseren da ba na gasar duniya ba, irin waɗanda ake yi a Brands Hatch da Silverstone a farkon shekara, waɗanda jaridun lokacin suka ba muhimmanci amma teburan yau ba sa lissafa su. Wanda ya jera makin Tyrrell kusa da na ƙungiyar zamanin nan ba tare da wannan bayani ba, ya zalunci mutanen da suka yi aikin.

Akwai abin da tebur ba ya iya nunawa ko kaɗan, kuma shekarar 1973 ta isa shaida. Tebur zai ce Stewart ya ci kambunsa na uku, Lotus ta ɗauki na maƙera, motocin Tyrrell ba su tashi a tseren ƙarshe a Amurka ba. Abin da ya faru shi ne, ranar 6 ga Oktoba, François Cevert, matashin Bafaranshen da ake shirin miƙa wa jagorancin ƙungiyar, ya rasu a haɗari yayin gwajin neman gurbi a Watkins Glen. Ƙungiyar ta janye motocinta, Stewart bai yi tseren da zai zama na ɗari a rayuwarsa ba, ya yi ritaya da nasara 27 cikin tsere 99. A duk inda ka ga an rubuta cewa mota ba ta tashi ba, ko an janye ta, ka tsaya ka nemi rahoton wannan makon a mujallun da suka halarta, kamar Motor Sport da Autosport, domin rahoton da aka rubuta a lokacin ya fi abin da mutane ke tunawa bayan shekara arba'in tsabta.

Ka yi hattara da motar da ta fi shahara, don takan rufe sauran labari. Mafi yawan mutane Tyrrell P34 suka sani, mai taya shida, huɗu ƙanana a gaba masu ƙarfen inci goma, waɗanda aka yi domin rage jan iska ba tare da rasa riƙon titi ba. Ta ci tseren Suwidin a 1976, Jody Scheckter na ɗaya, Patrick Depailler na biyu, amma aka yi watsi da ita bayan 1977 saboda kamfanin Goodyear bai ci gaba da inganta ƙananan tayoyin ba. A ganina motar 019 ta 1990 ta fi ta tasiri nesa ba kusa ba, domin hancinta ɗagagge, aikin Harvey Postlethwaite da Jean-Claude Migeot, shi ne sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya daga baya.

Idan ka zo ga dalilin faɗuwa, ka bi sawun kuɗi da doka. Muddin kowa zai iya sayen injin DFV ya yi takara da manya, ƙaramar ƙungiya kamar Tyrrell tana da wurin zama. Da manyan kamfanonin mota suka kawo injin turbo mai tsada, sai aka bar ta a baya. Nasararta ta ƙarshe ita ce ta Michele Alboreto a Detroit a 1983, kuma ba ta samu turbo ba sai tsakiyar 1985. A 1984 hukumar gasar ta soke dukkan sakamakonta na shekarar, bisa zargin cewa motocin suna tsere ƙasa da nauyin da doka ta gindaya, sannan dab da ƙarshe a zuba ruwa haɗe da ƙwayoyin dalma a tanki don cike giɓin. Masu kare Tyrrell suna cewa akwai siyasa a ciki, domin ita kaɗai ke hana a samu amincewar kowa kan dokar yawan man fetur. A irin wannan wuri ka kawo hukuncin kamar yadda aka yanke shi, ka kawo abin da kowane ɓangare ya ce, kada ka mai da zato ya zama tabbas.

Mataki mafi wuya shi ne yanke ranar da ƙungiya ta ƙare, domin a Formula One gurbin shiga gasa kadara ce da ake saye da sayarwa. An sayar da Tyrrell ga kamfanin taba sigari na British American Tobacco a ƙarshen 1997, Ken Tyrrell ya fice kafin a fara kakar 1998 saboda saɓani kan zaɓen direba, kuma wannan kakar ce ta ƙarshe da aka ga sunan. Daga gurbin ne ƙungiyar British American Racing (BAR) ta fito a 1999, ta zama Honda a 2006, Brawn a 2009, sannan Mercedes daga 2010. Ga ƙungiyoyin da ke Birtaniya, rajistar kamfanoni ta Companies House tana nuna tsofaffin sunayen kowane kamfani, don haka nan ne wurin tabbatar da irin wannan silsila. Amma ka tambayi abin da ya wuce hannun mai saye a zahiri: takarda ce, ko ma'aikata, ko masana'anta? BAR ta gina sabuwar masana'anta a Brackley, ba ta zauna a Ockham ba, saboda haka ya fi dacewa ka rufe labarin Tyrrell a tseren Japan na 1998, ka ambaci rasuwar Ken Tyrrell a watan Agustan 2001, sannan ka kawo BAR da waɗanda suka biyo bayanta a sashe dabam, a matsayin waɗanda suka gaji gurbin.