Rigar sanyi don kallon namun daji: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne tsuntsayen ruwa da suka tsere wa sanyin Turai ke cika tafkin Gidimuni da na Lasuri a jihar Damagaram ta Nijar, su haɗu da ƴan gida irin su kirinjijiya da zalɓe. Lokacin ne kuma hunturu ke kan ganiyarsa. A Damagaram ma'aunin zafi kan sauka kusan 14 da asuba a watan Janairu, ya haura kusan 30 da azahar, a can cikin rairayin Tarmit kuwa sanyin dare ya fi haka nesa ba kusa ba. Mai kallon tsuntsu ko barewa zama yake yi wuri ɗaya, jiki ba motsi, iska na dukansa. Yawancin masu fara wannan harka a kan riga suke yin kuskuren farko.

Babba a cikinsu shi ne sayen riga da ido ba da kunne ba. Jaket ɗin nan mai sheƙi mai kumbura, da ke cike a dilar gwanjo, fatarta ta roba ce. Duk lokacin da hannu ya gogi haƙarƙari sai ta ce shuu, kuma sanyi da bushewar iska na ƙara mata tauri. Ɗaga madubin hangen nesa zuwa ido shi ne motsin da za ka fi maimaitawa, shi ne kuma ya fi sa ta kuka. Makwarwa da zabon daji ba sa jiran ƙara ta biyu. Gwajin ba wuya: a kasuwar Dole ta Damagaram ka matsa gefe daga hayaniya, ka sa rigar, ka ja zif har wuya, ka ɗaga hannuwa biyu zuwa fuska sau biyar, ka juya kai dama da hagu, ka tsuguna. Ka sa abokin tafiya ya tsaya taku goma daga gare ka. In ya ji, a mayar wa mai ita. Kada a manta da shafin ciki, don akwai riga mai laushi a waje amma cikinta ne ke surutu.

Wanda ya gane wannan sai ya faɗa ɗaya ramin: ya sayi riga mai gashi-gashi mai taushi, wadda ba ta ƙara ko kaɗan, ya sa ta a sama. A dajinmu wannan gayyatar ƙarangiya ce. Bayan kaka ta bushe ƙayau, kuma zama ɗaya a bakin tafki ya isa ta lulluɓe hannu da gindin riga, ta shiga cikin gashin ta ƙi fita, ta riƙa sukar wuyan hannu. Mutumin da ƙaya ke suka ba ya iya zama shiru. Ga shi iska na ratsa irin wannan yadi kai tsaye. Wurinta a ciki ne. A sama ana son yadi mai matsattsiyar saƙa marar gashi, kamar kaki mai kauri na auduga ko wanda aka haɗa da roba kaɗan, wanda ya sha wanki ya yi laushi. Shi ne ke tare iska, ƙarangiya ba ta samun wurin kamawa sosai, ƙayar aduwa kuma ba ta yaga shi. Ɗaga yadin ka duba rana ta cikinsa, ko ka kafa baki ka hura: in iska ta fita da sauƙi, hunturu ma zai shiga. Ƙarangiyar da ta maƙale kuwa da mataji ake cire ta, ko a jiƙa yatsu tukuna.

Riga ɗaya mai nauyi ma kuskure ce. An ɗinka ta ne don ƙasar ƙanƙara, inda sanyi ke wuni. A nan ƙarfe goma na safe ta zama kaya. Mutum ya yi tafiyar rabin awa a cikinta, ya yi gumi, ya zauna, gumin ya huce a jikinsa, sai ya fi wanda bai sa komai ba karkarwa. Uku marasa nauyi sun fi: ta jiki mai dogon hannu wadda ke saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, sai ta saman mai tare iska. Singiletin auduga na riƙe gumi, shi ya sa ba ma son sa a ƙasa. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, ka ƙara riga in ka isa wurin zama. Ta saman ta zama mai yalwar da za ta ɗauki sauran biyun, ta sauko ta rufe kwankwaso in an zauna, hannunta kuma kada ya janye in an ɗaga madubi. Mai zuwa a kan babur ya sa jaket ɗin robar a hanya, a nan ne take da amfani, amma ya tuɓe ta ya bar ta inda ya ajiye babur.

Sai launi. Fari da shuɗi mai haske su ne aka fi hangowa, baƙi kuma na fitowa ɓaro-ɓaro a kan ciyawar da ta bushe. Nemi ruwan ƙasa, ruwan toka, ko kore mai dishi-dishi. Farin rawani na ɓata shirin duka, don kai ne ya fi motsi. A naɗa mai launin rairayi, ya rufe baki da hanci saboda ƙura. Kada kuma a nemi zanen kayan soja don ɓuya. A halin tsaron da ake ciki yana iya jawo tambayoyi a shingen bincike, ya firgita makiyaya da mutanen ƙauye, alhali tsuntsu bai damu da zane ba, motsi yake gani.

Ƙananan abubuwa ne ke tona asiri bayan an yi sa'a da yadi. Maɗaurin nan mai mannewa da ake kira Velcro, na aljihu da bakin hannu, in aka ɓalle shi, kamar an yaga ƙyalle ne. Kai wa tela ya farke shi ya sa maɓalli. Kan zif na ƙarfe yana kaɗawa yana ƙyalli: a cire shi a ɗaura zare mai kauri, ko a naɗe shi da baƙin salatif. Ɗigon nan mai walƙiya da ake sa wa riga don fitilar mota a rufe shi. Makullai da canji kada su kwana a aljihu ɗaya, waya a kashe mata ƙara. Ana son manyan aljihu biyu da hannu zai shiga ba tare da an buɗe komai ba, da ɗaya na ciki a ƙirji don batirin kamara, saboda sanyi na saurin cinye caji. Hular da ke haɗe da riga tana toshe kunne tana goga a kumatu, alhali kuka ake fara ji kafin a ga tsuntsu. Hular saƙa ta fi.

Wanki ma na ɓata riga mai kyau. Garin sabulu mai ƙamshi da bula suna barin wari da haske a yadi. Tsuntsaye na ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, barewa da dila kuwa da hanci suke aiki. A wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sau biyu, a shanya a inuwa, ba sitati ba guga. Kada a rataye ta inda ake turaren wuta, kada a fesa mata turare. Duk da haka ba rigar da ke ɓoye warin mutum: iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, don haka ka zagaya yadda za ta bugi fuskarka yayin da kake fuskantar dabbar.

Ƙura ce ke kashe zif. Masu shafa masa mai kuwa suna ƙara tara ta ne. A goge haƙoransa da tsohon buroshi bayan kowace fita, a shafa kyandir ko bakin fensir, a ja shi sama da ƙasa sau uku.