Yadda Gwamnati da Masu Zaman Kansu Za Su Haɗa Hannu Kan Lafiyar Ƙashi

Zaizayewar ƙashi, wato cutar da ke raunana ƙashi har ya riƙa saurin karyewa, ba ta sallama. Mutum yana harkokinsa lafiya ƙalau, sai santsi ya kwashe shi, ya tashi da karayar wuyan hannu ko ta kwatangwalo. Gidauniyar IOF mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku, namiji ɗaya cikin biyar, za su gamu da irin wannan karaya bayan sun haura shekara 50. Ma'aikatar lafiya tana da doka da asibitoci, amma kuɗi da na'urori sau da yawa suna hannun masu zaman kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A fara da waɗanda suka riga suka karye. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe shirin da gangamin awon kowa da kowa, kuɗi ya ƙare ba a tsinana komai ba. Wanda ya karye sau ɗaya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, shi ne ya fi kusa da karaya ta biyu, kuma mafi yawan irinsu ana ɗaure musu ƙashi ne a sallame su, ba gwaji ba magani. A Gilasgo ta Sikotilan aka fara toshe wannan kafa a 1999, da tsari mai sauƙi: a ɗauki jami'i guda, galibi ma'aikaciyar jinya, aikinta kawai bin sawun duk majinyaci mai shekara 50 zuwa sama da ya zo da karaya. Albashinta shi ne abu na farko da za a rubuta wanda zai biya, na aƙalla shekara uku. In tallafin na shekara ɗaya ne, ranar da ya ƙare ita ce ranar da shirin zai mutu.

Sai gwaji. Na'urar DXA tana auna yawan ma'adinan da ke cikin ƙashin baya da na kwatangwalo, ta ba da maki. Maki na -2.5 ko ƙasa da haka shi ne zaizayewa, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994. Tsakanin -1 da -2.5 kuwa rauni ne da bai kai can ba. Ba dole gwamnati ta sayi na'urar ba. Ana iya yin yarjejeniya da cibiyar hoto mai zaman kanta kan adadin gwaji a wata da tsayayyen farashi, tare da wa'adin fitar da sakamako. Inda babu na'ura, akwai FRAX, tsarin lissafi na Jami'ar Shefild, wanda ya fito a 2008, yana lissafa haɗarin karaya cikin shekara 10 daga shekaru, nauyi, shan taba, tarihin karayar kwatangwalo a wurin iyaye da shan magungunan sitiroyid na wata uku ko fiye.

Wajen magani ne aka fi tuntuɓe. Alendironet miligiram 70 ana shan sa sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan ba a kwanciya sai bayan minti 30. In ba a yi wa majinyaci wannan bayani ba, ƙwannafi zai dame shi ya jefar da maganin, kuma kusan rabin masu sha suna dainawa kafin shekara ta zagayo. Don haka jami'ar ta kira shi bayan wata huɗu, ta sake kira a wata na 12. Zoledironet miligiram 5 ta jijiya sau ɗaya a shekara ya fi dacewa da masu mantuwa, matuƙar ƙodarsu lafiya. Denosumab kuwa allura ce duk wata shida, kuma tana da sharaɗi mai tsauri: in aka tsaya babu madadi, ƙashin baya na iya karyewa wuri fiye da ɗaya. Kada a karɓi kyautar wannan allura daga kamfani sai an san mai biyan ta gaba.

Kamfanin magani ya ba da kuɗin horo ko na rajistar majinyata, amma kada wakilinsa ya zauna a kwamitin da ke zaɓen maganin da za a rubuta. Bayanan majinyata su tsaya a hannun hukuma.

Rigakafi ya fi arha. Babba yana bukatar kalsiyam kamar miligiram 1,000 a rana, mace bayan shekara 50 kuma 1,200, tare da bitamin D, tafiyar ƙafa da atisayen daidaita tsayuwa. A nan masana'antun abinci ke shigowa: ƙasar Finlan ta fara ƙara bitamin D a madara tun 2003. Gwamnati ce ke yanka adadin, ita ce kuma za ta riƙa ɗibar samfuri daga kasuwa tana aunawa.

Duk wata uku a zauna a duba lambobi uku: mutum nawa suka karye, nawa aka gwada cikin mako 12, nawa ne har yanzu suke kan magani bayan shekara guda.