Yadda za ki sake tunkarar jarrabawar Kansul ta jinya da ungozoma bayan faɗuwa fiye da sau ɗaya

Sakamako ya fito, 'yan ajinku na ta ɗora hotuna da fararen kaya a WhatsApp, ke kuma karo na biyu ko na uku ke nan ba a dace ba. Da ke nake, 'yar'uwa. In namiji ne kai, zancen ɗaya ne.

Abu na farko, ki san matsayinki a ƙa'ida. A da, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ɗalibai ke kira Kansul, tana sallamar duk wanda ya faɗi jarrabawar sau uku. A watan Satumbar 2025 ta soke wannan tsari. Yanzu ɗaliba za ta iya maimaita ɓangaren da ta faɗi har ta ci, muddin tana nan a makarantarta, kuma halartar aji da aikin asibiti ya kai kashi 80 cikin 100. Ki riƙe sharaɗin nan da kyau. Wadda kunya ta sa ta kulle kanta a ɗaki wata uku tana iya rasa damar zaman gaba ba tare da ta ga takardar tambaya ba. Ana yin jarrabawar jinya a Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba, ke nan kusan wata shida ne tsakanin zama da zama.

Na biyu, ki ba zuciya haƙƙinta, amma da wa'adi. Mako ɗaya ko biyu, ki yi kukanki, ki yi barci, kada ki buɗe littafi. Ki faɗa wa Umma ko Baba ko maigida da bakinki kafin su ji a waje, ki haɗa da ranar da za ki sake zama, domin labarin da ya zo da shiri ya fi sauƙin ɗauka. Gwaggon da ke tambaya a gidan biki "har yanzu ba a gama karatun nas ɗin ba?" amsa ɗaya ta ishe ta: "Saura jarrabawa ɗaya, Gwaggo, a sa mu a addu'a." In kuwa an wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, wannan ya zama ciwo, ke ma kin karanta shi a aji. Ki ga likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ke sa mutum ya faɗi sau biyu a rami ɗaya. "Allah bai yi ba" gaskiya ce, amma ba ta gaya miki inda kika yi tuntuɓe. Ki je wurin malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarku, ki ce, "Malam, wane ɓangare ne ya kayar da ni?" Na amsa tambayoyi a kwamfuta ne, ko na gwajin aiki da ake kira OSCE? Maganinsu ba ɗaya ba ne. Sannan ki zauna da biro ki tuna zauren: lokaci ne ya ƙare miki, ko tambayoyin ne baƙi, ko kin san amsar amma zaɓi biyu suka rikita ki, ko hannu ne ya kama rawa?

In na kwamfuta ne, ki rage maimaita karanta handawut daga bango zuwa bango. Ido yana sabawa da shafi har ki zaci kin iya. Ki koma amsa tambayoyi kullum, da agogo a gabanki, kuma a kan kwamfuta, ko da ta shagon intanet ce, sau ɗaya a mako. Ki buɗe littafin kurakurai: duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta dalilin da ya sa amsar daidai ta zama daidai, da dalilin da ya sa taki ba ta yi ba. Bayan mako uku littafin zai nuna miki rauninki ƙarara. In zaɓi biyu suka yi kama, ki tambayi kanki me zai fara kashe majinyacin: hanyar iska, sai numfashi, sai gudanar jini. In kuma tambayar ta ce me za ki fara yi, galibi duba majinyaci yana gaba da ɗaukar mataki. Lissafin magani kuwa maki ne na kyauta ga wadda ta saba. Misali, ruwan da za a ƙara wa majinyaci mil 500 a awa 4, da robar ƙarin ruwa da ke ba da ɗigo 20 a kowane mil: 500 sau 20, a raba da minti 240, ya ba da kusan ɗigo 42 a minti. Ki yi irinsa biyar kowace safiya har ya zama jiki.

In OSCE ne, karatu a kan katifa ba zai fisshe ki ba. Ki nemi izinin shiga ɗakin gwaji, ki samu ƙawa ɗaya ta riƙe takardar matakai da agogo, ki yi aikin kina faɗin abin da kike yi da baki: awon jini da zafin jiki, wankin ciwo, allura, sa robar fitsari. Makin da ke zubewa sau da yawa a ƙananan abubuwa ne, irin su wanke hannu, gaida majinyaci da neman yardarsa, jan labule, da rubuta abin da aka yi. Sista mai duba ki tana bin takarda ne, abin da ba ta gani ko ta ji ba, ba za ta ba shi maki ba. Zaman da za ki yi a wod cikin watannin nan ki mai da shi atisaye, ki roƙi metiron ta tsaya a kanki ta gyara miki.

Abu biyu ki guje musu. Masu sayar da "satar amsa" a Telegram da WhatsApp, waɗanda suka fi farautar masu maimaitawa don sun san suna cikin firgici. Sai kuma tayin yin allura da ƙarin ruwa a kemis ko gida-gida kafin lasisi ya fito. Kuɗin na da daɗi, musamman da kuɗin sake rajista a wuya, amma laifi ne a doka, kuma kuskure ɗaya zai iya rufe miki ƙofar aikin gaba ɗaya.

A makon ƙarshe kada ki ɗauko sabon darasi. Littafin kurakuranki kawai za ki bi, ki je ki ga cibiyar jarrabawar tun kafin ranar, ki haɗa takardar shiga da katin shaida tun dare, ki karya da safe ko da shayi da burodi ne. In tambaya ta tsaya miki a zaure, ki zaɓi amsar da ta fi kusa, ki wuce, ki dawo mata in lokaci ya ragu.