Yadda ake hawan Zugspitze ta kwazazzabon Höllental

Zugspitze shi ne dutse mafi tsayi a Jamus, mita 2,962, a kan iyakar ƙasar da Ostiriya. Akwai motar igiya, wato mota mai tafiya a rataye da igiyar ƙarfe, da ke kai mutum ƙololuwa cikin minti 10, amma mai son zuwa da ƙafarsa ta hanyar Höllental sai ya shirya hawan kusan mita 2,200 a tsaye, tafiyar awa 8 zuwa 10. Sunan wurin ma ya isa gargaɗi, domin ma'anarsa kwarin jahannama.

Da farko zaɓi lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba ne aka fi bin hanyar, da hunturu kuwa rufe kwazazzabon ake yi. Duba hasashen yanayi da daddare, ka sake dubawa da safe. In an ce akwai hadari da rana, fasa. Sashen ƙarshe duk a maƙale kake da wayar ƙarfe a bangon dutse, babu inda za ka ɓuya wa tsawa.

Sai kayan aiki: takalmin hawa mai taurin ƙasa, hular kwano, ɗamarar ƙugu mai igiya biyu da ƙugiyoyinta, ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaurawa a tafin takalmi don taka ƙanƙara, safar hannu, rigar ruwa, fitilar goshi da ruwan sha wadatacce. Ana samun hayar yawancinsu a Garmisch-Partenkirchen, garin da ke kusa da dutsen. Ka gwada ɗaura ƙarafunan nan tun a masauki, domin bakin ƙanƙara, yatsu sun sandare, ba wurin koyo ba ne.

Tafiyar tana farawa daga ƙauyen Hammersbach, kusa da Grainau. Awa ɗaya cikin daji a gefen rafi zai kai ka ƙofar kwazazzabon, inda ake biyan kuɗin shiga. Tun tsakanin 1902 da 1905 aka fasa wannan hanya a cikin dutse, da ramuka da ƙananan gadoji. Saka rigar ruwa kafin ka shiga, ko da rana na ƙwallewa a waje. Ruwa na ɗiga daga rufin ramukan ya gangara maka ta wuya, ƙasa da santsi, rugugin rafin kuma ba zai bar ka ka ji abokin tafiyarka ba sai ya ɗaga murya. A nan kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, a nan kuma ake zubar da lokacin da za a nema daga baya a rasa.

Da ka fito, kwarin zai buɗe har ka isa masaukin Höllentalangerhütte, mai tsayin mita 1,387. Shawarata ka kwana a nan. Masu ƙarfi suna yin komai a yini ɗaya, amma wanda ya kwana ya tashi da asubar fari ya riga taron jama'a, ya kuma riga hadarin la'asar. Sai dai ka kama gado tun da wuri, cika yake yi. Cika gorarka ma a nan.

Gaba kaɗan za ka ɗaura ɗamara. Za ka fara da wurin da suke kira Leiter, matakalar ƙarfe da aka kafa a jikin dutse, sannan Brett: bango ne mai sulɓi da aka jera wa turakun ƙarfe, kana taka su ɗaya bayan ɗaya a gicciye, ƙarƙashin tafinka babu komai sai iska. Dokar ɗaya ce. In ka zo inda aka ɗaure waya, ka cire ƙugiya ɗaya ka maƙala a gaba, sannan ka cire ta biyun. Kada su taɓa rabuwa da wayar a lokaci guda. Wanda gwiwarsa ta yi rawa sosai a Brett, ya juya daga nan, abin da ke sama ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba.

Daga nan sai tudu mai ciyawa, sai tsakuwa mai zamewa da ke cin ƙarfin cinya, har bakin ƙanƙarar Höllentalferner. Tsaya ka ɗaura ƙarafuna, ka ci wani abu, ka dubi agogo da sararin sama. Bi sawun da aka riga aka taka, domin akwai tsagogi masu zurfi.

Wurin da ya fi ba mutane wahala shi ne inda ƙanƙarar ta ƙare. Zafin dutse yana narkar da gefenta, sai rami ya buɗe tsakaninta da bango, Jamusawa na ce masa Randkluft. Yana ƙara faɗi yayin da bazara ke nisa, kuma mutum ɗaya ne ke iya haurawa a lokaci guda, don haka layi ke taruwa a kan ƙanƙara. Tambayi ma'aikatan masauki halin da yake ciki tun da daddare. Kada ka matsa wa na gabanka, kada kuma ka tsaya daidai ƙarƙashinsa, duwatsu na faɗowa.

Bayan ramin akwai hawan waya na kusan awa 2, ga gajiya ga ƙarancin iska. Tafkin Eibsee zai bayyana can ƙasa, kore shar. A hankali ake yi, hannu na riƙe, ƙafa na ɗaukar nauyi, har ka isa alamar zinariya da ke kan ƙololuwa. In wani abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce.

Kada ka ce za ka sauko ta inda ka hau. Shiga motar igiya zuwa Eibsee, daga can jirgin ƙasa ya mayar da kai Hammersbach. Tun kafin ka baro gida ka rubuta lokacin motar ƙarshe, ka kuma ware kuɗin tikiti. In ta wuce ka, sai neman makwanci a Münchner Haus, masaukin da ke can saman dutsen.